In An Ce "Kowa", Har Da Mu?



Makon nan za mu ajiye zancen girki da ɗinki, mu yi zancen kalma guda. Kun san yadda akan yi in baƙo ya yi sallama a ƙofar gida aka aiki yaro ya dubo. Sau da yawa yaron yakan dawo ya ce, "Ba kowa, sai mata." Alhali kuwa cikin gidan nan ga uwargida, ga amarya, ga kakar yara, ga 'yan mata suna daka. Yaron bai yi nufin raini ba, haka ya tashi ya ji ana faɗi. Amma ku lura da kalmar nan "kowa". In aka yi shela kowa ya share ƙofar gidansa, da mu ake, har ma mu ne masu tsintsiyar. In kuwa baƙo ya zo da magana mai nauyi, sai ta tsuke ta bar mu a waje. To, irin wannan tsukewa ta auku cikin manyan takardun da aka kafa ƙasashe da su, har mata suka yi shekara ɗari da ɗoriya suna fama kafin a buɗa musu.

Takardar Amurka

Ran 4 ga watan Yuli, 1776, wakilan jihohi 13 na Amurka, waɗanda a lokacin ke ƙarƙashin Sarkin Ingila, suka amince da wata takardar shela a birnin Filadalfiya, cewa sun fita daga hannunsa. Thomas Jefferson ne ya tsara ta, mutum 56 suka sa mata hannu, ba mace ko ɗaya a cikinsu. Takardar ta ce an halicci mutane duka daidai, kowa yana da hakkin rai da 'yanci wanda ba mai ikon ƙwace masa. Magana mai daɗi ƙwarai. Sai dai kalmar da suka rubuta a wurin "mutane" ita ce "men", ita kuwa fuska biyu gare ta a Turanci. Wani lokaci tana nufin 'yan Adam ɗungum, wani lokaci maza kaɗai. Mai riƙe da iko shi ke zaɓen fuskar da za a duba. Bayi ma ba su shiga ba, don shi kansa Jefferson yana da bayi masu yawa.

Akwai macen da ta hango abin tun takardar ba ta fito ba. Sunanta Abigail, matar John Adams, ɗaya daga cikin wakilan, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na biyu. Ita ce ke riƙe da gona da yara sa'ad da yake can wurin taro. Ran 31 ga watan Maris, 1776, ta rubuta masa wasiƙa ta ce su tuna da mata cikin sababbin dokokin da za su yi, kada su damƙa wa mazaje iko marar iyaka. Ta ƙara da cewa in an ƙyale su, mata za su yi bore, ba za su ɗauki dokar da ba su da baki a cikinta ba. Maigidan ya amsa mata cewa zancen dariya ya ba shi.

Abin da ya sa ta yi wannan roƙo zai ba ku mamaki. A dokar da Amurka ta gada daga Ingila, mace in ta yi aure doka ba ta ganinta dabam da mijinta. Kuɗin sana'arta nasa ne. Ba ta ƙulla ciniki da sunanta, ba ta kai ƙara ita kaɗai. Ku da kuka san sadakinku naku ne, gadonku naku ne, ribar ƙuli-ƙulinku da kwasar adashinku ba mai hakki a kai sai da yardarku, ku dubi wannan hali. Sai a 1848 jihar New York ta yi dokar da ta bar wa matar aure dukiyarta, Ingila kuwa sai a 1870 da 1882.

Jiha ɗaya ce ƙofa ta ɗan buɗu a cikinta, watau New Jersey. Tsarin mulkinta na 1776 ya ce duk mazaunin jihar da ya mallaki dukiyar fam 50 yana iya jefa ƙuri'a. Zawarawa da matan da ba su yi aure ba masu abin hannunsu suka ce ai su ma mazauna ne, suka shiga jefawa, har dokar zaɓe ta 1790 ta rubuta "shi ko ita". Aka yi ta haka har 1807, sa'an nan majalisar jihar ta sake doka, ta rubuta ƙarara cewa sai namiji farar fata. Da alƙalami aka ba su, da alƙalami kuma aka karɓe.

Matar da ta sake rubuta takardar Faransa

Shekara 13 bayan takardar Amurka, talakawan Faransa suka tashi wa sarautarsu. Cikin watan Agusta, 1789, majalisarsu ta fitar da takardar hakkin mutum da ɗan ƙasa, mai sharaɗi 17. Kalmar Faransanci da suka yi amfani da ita, "homme", ciwonta ɗaya da ta Turanci. Wata biyu ba su cika ba dubban matan kasuwar birnin Paris suka taka da ƙafa har fadar Sarki a Versailles saboda tsadar burodi, ba su dawo ba sai da Sarki a gabansu. Da aka zo rabon ƙuri'a kuwa, aka ce ba da mata ba.

Sai wata mai rubuta wasannin kwaikwayo, Olympe de Gouges, ta yi wata dabara a 1791. Ta ɗauki takardar nan ta bi ta sharaɗi sharaɗi, ita ma ta rubuta nata 17, ko'ina tana sa mace da 'yar ƙasa. A sharaɗi na 10 ta kawo hujjar da har yau ake tunawa da ita. Ta ce tun da doka ta yarda a hau da mace dandamalin da ake sare kan masu laifi, lalle ne ta yarda mace ta hau dandamalin da ake yi wa jama'a jawabi. Na farkon ne ya same ta. Masu mulkin lokacin suka kama ta saboda rubuce-rubucen da ta yi na sukarsu, aka sare kanta ran 3 ga watan Nuwamba, 1793, 'yan kwanaki kaɗan bayan an haramta ƙungiyoyin siyasa na mata. Matan Faransa ba su sami ƙuri'a ba sai 1944, shekara 155 bayan takardar da aka ce ta kowa ce.

Kalma biyu da aka ƙara

Mu koma Amurka, gama dabarar nan ta sake rubutu ta sake ɓullowa can. A 1840 aka yi babban taron masu ƙin cinikin bayi a Landan. Matan da aka aiko daga Amurka a matsayin wakilai aka hana su kujera, aka ware su gefe, su ji amma kada su tanka. Nan wata dattijuwa, Lucretia Mott, ta sadu da wata amarya, Elizabeth Cady Stanton, wadda ta rako mijinta. Abin ya tsaya musu a rai. Bayan shekara 8, ran 19 da 20 ga watan Yuli, 1848, suka kira taro a wani ɗan coci a garin Seneca Falls, mutum wajen 300 suka zo.

Stanton ta ɗauko takardar 1776 wadda kowane ɗan makaranta ya sani, ta bar ta kusan yadda take, sai wurin da aka ce an halicci mutane daidai ta ƙara kalma biyu, ya zama maza da mata. Inda takardar farko ta jera laifofin Sarkin Ingila, ita ta jera abin da doka ta yi wa mace: an hana ta ƙuri'a, an karɓe dukiyarta, an rufe mata manyan makarantu da ayyuka masu albashi, in aure ya mutu uba ke tafiya da 'ya'ya. Mutum 100 suka sa hannu, mata 68, maza 32. Maganar ƙuri'a ce ta fi ba su wuya, har wasu matan suka ce ta yi yawa, za a yi musu dariya. Wani baƙar fata, Frederick Douglass, wanda shi kansa daga bauta ya gudo, ya miƙe ya goyi bayanta, sa'an nan ta wuce da ƙyar.

Maimakon ƙofa ta buɗu sai aka ƙara mata sakata. Bayan yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta, aka yi wa tsarin mulkin Amurka gyara na 14 a 1868, wurin zancen masu jefa ƙuri'a aka rubuta "male", watau namiji. Wannan shi ne karo na farko da kalmar ta shiga tsarin mulkinsu. Da can da shiru aka bar mata a waje, yanzu kuwa an rubuta.

Wata tsohuwar malamar makaranta, Susan B. Anthony, ta ce bari ta gwada. Cikin watan Nuwamba, 1872, ta tafi ta jefa ƙuri'a a garin Rochester, aka kama ta. Kafin shari'a ta bi garuruwa tana bayani. Ta nuna wa jama'a cewa dokokin haraji da na hukuncin masu laifi duk da "shi" aka rubuta su, amma ba wanda ya taɓa cewa mace ba za ta biya haraji ba ko ba za a ɗaure ta ba. Hatta takardun tuhumarta da "shi" aka buga su, sai da akawun kotu ya bi da alƙalami ya mai da su "ita". Ta ce in ana iya juya kalma don a ɗaure mace, ana iya juya ta don a ba ta ƙuri'a. Alƙali bai saurara ba, ya ci ta tarar dala 100 a 1873. Ta ce ko dala ɗaya ba za ta biya ba, ba ta kuwa biya ba har ta rasu a 1906. Sai a 1920, shekara 72 bayan taron Seneca Falls, gyara na 19 ya hana a ƙi wa mutum ƙuri'a don shi mace ne ko namiji. Duk da haka baƙaƙen mata na jihohin kudu aka yi ta toshe musu hanya da dabaru iri iri har zuwa dokar 1965.

Wasan da aka yi a Ingila

In kuna son ku ga yadda ake miƙa kalma a kuma tsuke ta kamar roba, ku dubi Ingila. A 1850 majalisarsu ta yi doka cewa duk inda aka ambaci namiji a cikin dokoki, to har da mace, sai fa in an faɗi akasin haka a fili. A 1867 aka kawo sabuwar dokar zaɓe, aka rubuta "man". Wani masani ɗan majalisa, John Stuart Mill, ya ce a cire ta a sa "person", watau kalmar da ba ta nuna namiji ko mace. Aka jefa ƙuri'a, 73 suka bi shi, 196 suka ƙi.

Matan birnin Manchester suka ce to ba komai, ai dokar 1850 tana nan, ta ce namiji ya haɗa da mace. Fiye da 5,000 suka nemi a rubuta sunayensu cikin masu zaɓe. Magana ta kai kotu a 1868, alƙalai suka ce a nan dai kalmar maza kaɗai take nufi. Matan nan kuwa masu gidaje ne da kantuna, suna biyan haraji da dokokin da aka rubuta da kalmar nan tak. Sai a 1918 aka ba wasu mata 'yan shekara 30 zuwa sama, a 1928 aka daidaita su da maza a shekara 21.

Kada kuma ku zaci da an bi shawarar Mill shi ke nan an huta. A Kanada kalmar tasa ce a rubuce. Dokar da ta kafa ƙasar a 1867 ta ce za a naɗa "persons" waɗanda suka cancanta cikin Majalisar Dattawa. Mata biyar na lardin Alberta, shugabarsu Emily Murphy wadda ita kanta alƙaliya ce, suka tambayi Kotun Ƙoli ko kalmar ta haɗa da mata. A 1928 kotu ta ce a'a, don waɗanda suka rubuta dokar ba su yi nufin mata ba. Matan suka ɗaukaka ƙara zuwa Landan, ran 18 ga watan Oktoba, 1929, aka rushe wancan hukunci, shekara ta kewayo aka naɗa mace ta farko. Kun ga ke nan gyaran kalma rabin aiki ne, sauran rabin yana hannun mai karanta ta da mai yanke hukunci da ita.

Ranar da mace ta zauna wurin rubutu

Duk takardun nan da na ambata, maza ne suka rubuta, mata suka bi daga baya suna ƙwanƙwasa ƙofa. Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya ɗan sake. Sa'ad da aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, mata huɗu na cikin waɗanda suka sa hannu, kuma da naciyar irin su Bertha Lutz ta Brazil da Minerva Bernardino ta Jamhuriyar Dominika aka rubuta daidaiton hakkin maza da mata a takardar kafawa.

Sa'an nan aka naɗa kwamiti ya tsara takardar hakkin ɗan Adam ta duniya duka, Eleanor Roosevelt ta Amurka ce shugaba. Tsarin farko ya sake ɗauko tsohuwar kalmar nan ta 1776. Ita kanta shugabar ba ta ga aibinta ba, ta ce ai an saba, kowa ya san ta haɗa da mata. Wakiliyar Indiya, Hansa Mehta, ta ƙi. Ta ce akwai ƙasashen da za a karanta ta a ce maza kaɗai ake nufi, a kuma kafa hujja da ita. Ta yi ta naci har aka sake, aka rubuta dukkan 'yan Adam. Haka aka amince da ita a Paris ran 10 ga watan Disamba, 1948. Abin da matan Seneca Falls suka roƙa shekara 100 da suka wuce daga waje, mace guda ta same shi don tana zaune a cikin ɗakin tun tawada ba ta bushe ba.

Namu na gida

Wata za ta ce wannan duk labarin Turawa ne. To, mu ma an rubuta mana tamu kalmar. Tsarin mulkin da Nijeriya ta karɓi mulkin kai da shi a 1960 ya ce mai neman shiga Majalisar Wakilai daga Jihar Arewa sai ya kasance namiji. A zaɓen 1959 matan Gabas da na Yamma sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa suna gida. 'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu, don tun 1956 dokar Faransa ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga jam'iyyar NEPU tun tana yarinya, ta yi ta kiran a ba mata ƙuri'a, ta sha duka da kurkuku ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Sai a 1976 aka ba matan Arewa wannan hakki, suka fito babban zaɓe a 1979. Kakanninmu da yawa sun haifi 'ya'ya sun aurar kafin su taɓa riƙe takardar ƙuri'a.

Tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda mutum mace ne ko namiji, a sashe na 42. Amma sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya hanyar yin rajistar zama 'yar ƙasa, bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya irin wannan hanya ba. A watan Maris, 2022, aka kawo gyaran wannan da wasu batutuwan mata gaban Majalisar Tarayya, 'yan majalisa suka ƙi, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa.

Harshenmu na Hausa kuwa ya fi Turanci rarrabewa. Bature "kai" da "ke" duk kalma ɗaya gare shi, mu kuwa tun daga gaisuwa mun raba. Muna da ɗan ƙasa da 'yar ƙasa, malami da malama. Amma in muka zo zancen jama'a sai mu ce "mutum ya yi", "kowa ya zo", "hakkin ɗan Adam", duk da bakin namiji. Ba laifi ba ne, haka harshe ya tashi, kuma mafi yawan lokaci ba mai nufin ware mu. Matsalar tana zuwa ne ranar rabo, sa'ad da wani zai ga ribarsa cikin tsuke kalmar.

Saboda haka ga shawarata. Uwargida, in an kawo miki takarda, ko ta fili ce, ko ta rabon gado, ko dokokin ƙungiyar unguwa, ko ta rancen noma, kada ki dangwala hannu sai kin karanta, in kuwa ta fi ƙarfin karatunki sa 'yarki ta karanta miki. Inda aka ce "kowa" ko "'ya'yan marigayi" ko "masu gida", ki tambaya cikin ladabi, har da mata? In an ce miki ai an sani, ki ce to a rubuta, a sa sunanki da na 'ya'yanki mata. Rigakafi ya fi magani, kuma wanda ya ba ki baki yau ba lalle shi ne zai karanta takardar nan bayan shekara 20 ba.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ku dubi matan nan da na lissafa. Ba wadda ta ɗauki makami a cikinsu. Karatu suka iya da rubutu, suka kuma iya tsayawa su tambayi ma'anar kalma ba tare da jin kunya ba. Ku riƙe nahawu da kyau, na Hausa da na Turanci da na Larabci, kada ku ce darasin gundura ne. Ƙasar nan tana bukatar mata lauyoyi da alƙalai da akawunan majalisa da masu fassara, waɗanda za su kasance a wurin sa'ad da ake tsara magana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kun kuwa ga ko a Seneca Falls maza 32 sun sa hannu, don haka ku jawo iyayenku maza da yayyenku cikin zancen nan da hujja da lalama.

Duk wadda ta taɓa gamuwa da takardar da ta bar ta a waje, ko take da abin cewa game da wannan, sai ta rubuto wa filin nan ta hannun Edita, mu ji, mu ƙaru da juna. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.